Mai Ranƙwashin Kare na Cocin Kelderby

Duk wanda ya tambayi yayata Edna sana'ar mijinta, sai ta ce manomi ne, ta yi maza ta sako zancen ruwan sama. Ba ƙarya ta yi ba, yana da 'yar gona da tumakin da ba su kai a ce musu garke ba. Amma a Kelderby babu mai kiran sa manomi. Jabez Sunter dog-noper ne, kamar ubansa, kamar kakansa, kuma da wannan aka san shi tun daga gadar gari har gidajen makiyaya na kan tudu. An gajarce sunan, ana ce masa Nofa. Ita kuma Edna, ko ta so ko ta ƙi, Matar Nofa.

Yaran yanzu in ka faɗa musu wannan kalma sai su yi zuru, su zaci sunan magani ne. Mu da muka tashi a wannan kwari na Yorkshire mun san abin da ake nufi da nope: ranƙwashi ne, irin wanda ake sauke wa mutum a tsakar ka. Dog-noper kuwa mai ranƙwashin kare ke nan. A zamanin kakanni makiyayi ba ya rabuwa da karensa ko gaban Ubangiji za shi. Ran Lahadi sai su gangaro daga tuddai kowa da nasa a baya, mutane su zauna a benci, karnuka su kwanta a ƙarƙashi. Ana tsakiyar waƙa sai wani kare ya tuna da tsohuwar gaba, faɗa ya kaure, masu karnukan su bar addu'a su koma zuga. Shi ya sa aka naɗa mutum musamman, aka ba shi doguwar sanda mai ƙulu a kai, da wani awartaki na katako da ake cafke kare a wuya a fitar da shi ba a yi asarar yatsa ba.

To, ga mutum da sanda a hannu, ga wa'azi ya yi tsawo, ga wani can yana gyangyaɗi. Da haka ranƙwashin ya tashi daga kan karnuka ya koma kan masu barci, ya gangaro kan yara masu surutu. Daga baya a wasu garuruwa aka riƙa kiran mai sharar coci da wannan suna, ko bai taɓa kusantar kare ba. Daga nan sunan ya bi tsofaffi kabari. Mu ne ya rage wa, ba kuwa don mun fi kowa riƙon gargajiya ba. Gona ce ta riƙe shi.

Tun zamanin da babu mai tunawa, karnuka biyu suka kayar da wata amarya a gaban bagade, da rigarta da furanninta. Uwar amaryar mai abin hannu ce, kuma ba ta huce ba har ta mutu. Ta bar wasiyyar gida ɗaya da gonar da ke bayansa ga duk wanda yake korar karnuka daga coci, muddin akwai karen da za a kora. An rubuta maganar a allon katako a saman ƙofa, tana nan har yau. Gonar Kare muke ce wa wurin. A nan aka haifi Jabez, a nan ya kawo Edna, a nan ta shuka wardinta, ta kafa mulkinta.

Abin dariyar shi ne, Allah bai halicci mutumin da bai dace da aikin nan ba kamar Jabez. Ƙato ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar shagona, amma zuciyarsa man shanu ce. Ko ƙuda ya faɗa masa a shayi, da cokali yake tsamo shi ya ajiye a rana ya bushe. Dinyar maƙwabta, wata ƙatuwar agwagwa, ta taɓa tsare shi a bayan rumbu tun hantsi har Edna ta zo da tsintsiya ta cece shi. Karnuka kuwa sun gane shi tun daga nesa. In ya fito hanya sai ka ga na gari duk sun jeru a bayansa suna kaɗa wutsiya.

"Sarkin yaƙi," nakan ce masa in ya shigo sayen taba, "yau kan wa aka fasa?"

"Maud, ki bar ni in sha iska," yakan ce, yana murmushi. "Ke ma in kin ci gaba da surutu a coci zan zo kanki."

"Ka fara da yayata mana, in ka isa."

Sai ya waiga ya tabbatar ba ta kusa, sannan ya yi dariya.

Ya ci sa'a, domin lokacin da sandar ta zo hannunsa, bayan yaƙi, aikin ya riga ya mutu. Manoma sun sayi mota, suna barin karnukansu a gida. Jabez yakan sa baƙar kwat ɗinsa ran Lahadi, ya zauna a kujerarsa ta bakin ƙofa da sanda a tsakanin gwiwoyi, kuma in gaskiya za a faɗa, shi ne yake fara yin barci. Haka aka yi shekara da shekaru, babu wanda ya ce uffan.

Sai aka kawo mana Rabaran Penrose, wani siririn saurayi ɗan kudu mai tabarau, mai ladabi har ya yi yawa. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ya tarar da rufin coci yana yoyo, muna waƙa bokitai suna amsawa. Wata Lahadi ya tsaya a ƙarƙashin allon nan ya karanta shi tun daga sama har ƙasa, ya kira Jabez gefe. Ina tsaye ina gyara hulata, na ƙi gama gyaran.

"Mista Sunter, gafarta mini, yaushe rabonka da korar kare?"

Jabez ya sosa ƙeya. "To, Rabaran, akwai wani ja da ya leƙo ranar bikin girbi."

"Bana?"

"A'a, lokacin baba yana da rai."

Rabaran ya ce shi ba ya son ya takura wa kowa, amma maganar allo a fili take. In babu kare, babu aiki, in babu aiki, gida da gona na coci ne, kuma kuɗinsu zai yi rufi. Ya ce zai kai maganar gaban dattawan coci in an gama girbi.

Da labari ya kai gida, har shago na jiyo muryar Edna. Da yamma ta zo ta tsaya mini a ka.

"In sun kore mu, wurinki za mu zo."

Na dubi saman shagon, ɗaki ɗaya ne da gado ɗaya. Ni da Edna gado ɗaya muka yi har na kai shekarun aure, na san minsharinta, na san yadda take tashi da asuba ta fara ba da umarni. Ban yi aure ba don ina son kunnena ya huta. Tun daga ranar na zama babbar mai goyon bayan karnuka a ƙasar Ingila.

Jabez bai iya gardama ba, bai iya zuwa gaban dattawa ya yi dogon bayani ba. Abin da ya iya shi ne abota da dabba. Amos Dinsdale, makiyayin da gidansa ke bayan maƙabarta, yana da wani tsohon kare mai suna Moss, baƙi da farin wuya, wanda ɗingishi ya raba shi da bin tumaki. Ba ya komai sai kwanciya a rana. Jabez ya gano abin da Moss yake so a duniya, wato cuku. Ranar Asabar ya shiga coci da sunan shara, ya ajiye guntu a ƙarƙashin bencin gaba, ya zaga da Moss ya nuna masa hanya.

Lahadin farko abin kunya ne, ba zan rufa musu asiri ba. Muna cikin waƙa ta biyu Jabez ya sa ƙafa ya tura ƙofa. Moss ya shigo yana ɗingishi, ya bi tsakiyar coci kai tsaye, ya cinye cukunsa, ya dawo ya kwanta a kan takalman Jabez ya lumshe ido. Kowa ya waigo. Jabez ya miƙe da sanda, fuskarsa ta yi jawur, ya sunkuya ya ce a hankali, "Haba Moss, taimaka mana." Moss ya juya ya ba shi ciki a sosa masa. Jabez ya ɗauko awartakin kakanni daga bango, yana buɗe shi ƙusar ta fita, ya rabu biyu a hannunsa. Daga ƙarshe rungumar karen ya yi kamar jariri ya fita da shi, Moss yana lasar masa kunne. Amos Dinsdale ya yi dariya har sai da aka bubbuga masa baya.

Edna ba ta yi dariya ba. A hanyar gida ta tasa shi gaba.

"Shekara talatin ana ce mini Matar Nofa ina haɗiyewa. Ashe ko nofan ma ba ka iya ba! Wannan kora ce ko reno?"

"Edna, tsoho ne fa. Ƙafarsa..."

"Wa ya ce ka doke shi? Ka buga ƙasa! Ka buɗe baki! Kai da ƙaton ƙirji kamar na bijimi, murya kamar ta ɗan tsako. Kuma wane wawa ne yake biyan lada kafin aiki? Cukun a waje za ka ba shi, bayan ya fita."

Ta rantse ita babu hannunta a wannan shirme, kuma ba za ta ƙara magana a kai ba. Amma a makon nan duk lokacin da na bi ta bayan Gonar Kare, sai in ji ana buga sanda a cikin rumbu, in ji muryar Edna tana cewa, "Sake! Ko ni ban ji tsoro ba." Cukun kuma a shagona ake saye, kuma ba Jabez ne yake zuwa saye ba.

Kafin a gama girbi abin ya zauna daram. Ana shiga waƙa ta biyu ƙofa za ta buɗe. Moss zai shigo a natse kamar dattijon da ya makara, ya taka har gaban bagade, ya ɗaga kai ya dubi Rabaran, ya yi hamma. Sai Jabez ya miƙe, ya taho da sanda, ya buga ta a dutsen daɓe har tagogi su amsa, ya daka tsawa: "Fita, ɗan banza! Nan ba gidanku ba ne!" Moss ya yi gurnani kaɗan don kada a raina shi, ya juya ya fita da wutsiya a ƙasa, Jabez yana biye. A shirayi su zauna tare, ɗaya yana cin cuku, ɗaya yana share gumi yana ba shi haƙuri.

Coci ya cika. Mutanen da rabon su da shigowa tun ranar aurensu suka dawo. Har 'yan cocin Methodis na ƙasan gari, da suke cewa mu 'yan bidi'a ne, suka riƙa zamewa suna zuwa, su zauna a baya su ce wai hanya ce ta biyo da su. Yara suka koyi kalmar dog-noper, suna wasan ta a bakin rafi, ana faɗa a kan wanda zai zama kare.

Rabaran Penrose yana da tabarau, amma ba makaho ba ne, hancinsa ma lafiya lau. Wata Lahadi ya fito shirayi ya same su, ni kuma ina leƙe ta bakin ƙofa, cuku a hannun Jabez, rabi a bakin Moss.

"Mista Sunter, karen nan agogo gare shi?"

Jabez bai iya ƙarya ba, ko ta wasa. Ya miƙe ya cire hula. "Rabaran, kare ne dai, ko?"

"Kare ne."

"Ya shigo?"

"Ya shigo."

"Na kore shi?"

Rabaran ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa. Ina jin dariya yake dannewa. Ya ce, "Ka kore shi, har ni na firgita." Sannan ya daina murmushi. Ya ce ba zai tayar da mutum daga gidan da aka haife shi ba, zai gaya wa dattawa a bar maganar muddin Jabez yana raye yana riƙe da sanda. Amma Jabez ba shi da ɗa, babu mai gadon aikin, don haka daga kansa an rufe. Ranar da sanda ta rasa mai ɗauka, gida da gona za su tafi rufi.

Jabez ya yi godiya, ya dawo gida, amma maganar ta zauna masa a rai. Ba kansa yake ji ba, Edna yake ji. Ya girme ta nesa ba kusa ba, ga ƙirjinsa ya fara ƙara in ya hau tudu. Ya fara lallaɓa ta.

"Edna, allon bai ce sai ni ba. Ke ma kin iya, ke kika koya mini."

"Ni? In tsaya gaban mutane da hular zuwa coci ina yi wa kare ihu? Kai dai da ka gada, ka ji da abinka. Gara in kwana a kan buhunan Maud."

"Ba ni da buhun da zai ɗauke ki," na ce.

"Ke kuma wa ya sa da ke?"

Haka aka yi 'yan shekaru, Moss yana ƙara furfura a baki, Jabez yana ƙara jan numfashi. Wata shekara, lokacin haihuwar tumaki, ruwa ya dake shi a gona, ya kwanta, bai ƙara tashi ba. Lahadin da ya yi a kwance Amos ya ɗaure Moss a gida, muka yi waƙa ta biyu babu wanda ya buɗe baki sosai. Na je duba shi na tarar ya sa an kawo masa cuku da wuƙa a kan gado, yana yankawa ƙanana-ƙanana, yana tarawa a hankicinsa.

"Dubi yadda ka ɓata mini zanen gado," in ji Edna. "Kai da ko ruwa ba ka iya haɗiya, me za ka yi da cuku?"

"Na Moss ne. Haƙoransa sun ƙare, ba ya iya manya."

"Sai ka tashi ka kai masa, ni ba 'yar aikenka ba ce."

Ya dube ni ya kashe mini ido ɗaya. Wannan ne ganina da shi na ƙarshe yana raye. Na yi shekaru ina tsokanar mutumin nan, ban taɓa gaya masa cewa duk kwarin nan babu wanda nake ganin girmansa kamar shi ba.

Kafin ranar jana'iza Edna ta riga ta naɗe kwanukanta a tsofaffin jaridu. Ta zo ta auna ɗakina da ido, ta ce gadon zai koma jikin taga, labulena kuma na zubarwa ne. Ba ta yi kuka ba, ko sau ɗaya. Ni na yi, rabi don Jabez, rabi don kaina.

Ranar Alhamis aka yi jana'izar. Coci ya cika har shirayi, saboda haka aka bar ƙofa a buɗe. An ajiye akwatin a gaban bagade, an jingina sandarsa a kujerarsa ta bakin ƙofa. Amos bai ɗaure Moss ba, don a ganinsa kare ya san Alhamis ba Lahadi ba ce. Amma Moss ba kwanaki yake ƙirgawa ba, ƙararrawa ya ji, ya kuma ji waƙa.

Muna shiga ta biyu sai na ga mutanen baya suna darewa. Ya shigo da ɗingishinsa, ya bi tsakiya a natse, ya zo gefen akwatin ya tsaya. Ya ɗaga kai ya dubi Rabaran, ya yi hamma. Wani ya fara dariya, ta maƙale masa. Moss ya jira. Da bai ji bugun sanda ba, ya waiga ya dubi kujerar bakin ƙofa. Ya sake duban Rabaran, ya sake yin hamma, ko ba a ga ta farko ba. Waƙar ta yi ta raguwa har ta mutu, mai kiɗa ma ta ɗauke hannu. Tsohon kare yana tsaye a tsakiyar coci, ƙafarsa mai ciwo tana rawa, yana jiran a kore shi.

Amos ya yunƙura zai je ya ɗauke shi. Edna ta ce, "Zauna." Ta miƙa mini littafin waƙarta, ta rataya jakarta a hannu, ta bi tsakiyar coci har ƙofa, takalmanta kaɗai ake ji. Ta ɗauki sandar, wadda ta fi ta tsawo. Ta dawo ta tsaya a inda Jabez yake tsayawa, ta buga ta a ƙasa har ƙura ta zubo daga rufi.

"Fita, ɗan banza!" Muryar ta karye mata a tsakiya. Ta haɗiye, ta sake bugawa. "Nan ba gidanku ba ne!"

Moss ya yi gurnaninsa, ya sauke wutsiya, ya juya. Ta bi shi a baya da sanda, hawaye yana zuba har kan kwalar rigarta, ba ta share ba. Da suka wuce ta gaban Rabaran Penrose, na ga tabarau ɗinsa a hannu. Bai ɗaga murya ba, amma duk mun ji shi.

"Sai Lahadi, Misis Sunter."

Ban jira an gama ba, na bi ta. Na same ta a shirayi a durƙushe, da baƙar rigarta a kan dutse mai sanyi, ta buɗe jaka ta fito da hankicin Jabez. Moss yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya daga tafin hannunta.

"Au," na ce, "ashe da shirinki kika zo, Nofa."

Na zaci za ta cinye ni ɗanya saboda sunan. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kada ki kalle ni," ta ce. "Shi ya yanka."